Amsar Baba Alli

Tunda Hedimasta ya yi ritaya gidan ya yi masa kaɗan. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya jera takalman jikoki daga babba zuwa ƙarami, har ya fara duba agogo idan matarsa ta makara da shayi.

"Malam, nan fa ba makaranta ba ce," in ji ta. "Saura ka rataya mana ƙararrawa a tsakar gida."

Abu ɗaya ne ya rage masa, wato wani zaure na shugabannin makarantu da ke cikin wayarsa. A can ba a ambaton sunan mutum ko na makaranta, kowa da laƙabinsa, don a faɗi gaskiya ba tare da tsoron ofis ba. Mai matsala sai ya tura wa mai kula da zauren, ita kuma ta fito da ita ranar Asabar ba suna, a yi ta ba da shawara. Shi Baba Alli ake ce masa. Idan muhawara ta cukurkuɗe, shi ake jira ya warware. Wannan girman yana masa daɗi fiye da yadda zai iya faɗa, don a nan kawai yake jin bai yi aikin banza ba. Ranar da ya miƙa ofis ma sai da ya ce wa mataimakinsa, wanda ya gaje shi, ya shiga zauren zai ƙaru. Laƙabinsa ne kawai bai gaya masa ba.

Wata Asabar yana zaune a baranda, tabarau a kan hanci, tambaya ta fito.

"Na gaji makaranta mai tsabta da tsari, amma malamaina ba sa magana. A taro kowa kansa a ƙasa, an saba shugaba ne kaɗai ke faɗa. Muna da laburare cike da littattafai, wasu ko ledarsu ba a cire ba, domin tsohon shugaban yana tsoron yara su yaga. Yaranmu na gama makaranta ba su taɓa shiga ba. Makullin ma yana wurinsa har yanzu, ina jin nauyin tambayarsa, domin uba ne a gare ni. Ta ina zan fara?"

Hedimasta ya karanta, ya sake karantawa. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya laluba aljihun tsohuwar kwat ɗinsa da ke rataye bayan ƙofa. Makullin na nan, da jan zaren da ya ɗaura masa da hannunsa.

Kafin ya dawo, zauren ya kaure da surutu. Wani ya ce irin waɗannan tsofaffi su suka kashe karatu. Wata ta ce wannan mai gadin littattafai ne aka ba shugabanci bisa kuskure, aka bi ta da hotunan dariya. Mutanen da ya kwana biyu yana koya wa tsara jadawali da lallashin iyaye, su ne ke yi masa wankin babban bargo ba su sani ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya fara rubuta cewa su ba su san wahalar da aka sha kafin a samo littattafan nan ba, ofis-ofis, da rana, da wulaƙanci. Sai ya tuno wata yarinya 'yar aji uku da take manna fuska a gilashin tagar laburaren lokacin tara, da yadda yake korar ta don kada ta ɓata gilashi. Ya goge abin da ya rubuta.

Mai kula da zauren ta ce, "Baba Alli, yau ka yi shiru. Me ka gani?"

Da yatsa ɗaya, kamar kullum, ya rubuta:

"Ɗana, kada ka jira makulli. Kira kafinta ranar Litinin ya ɓalle kwaɗon a gaban yara. Littafin da ya yage ya yi aikinsa. A taro kuma ka yi tambaya ka kama bakinka, ko shirun zai kai minti nawa, wani zai gaji ya yi magana. Shi tsohon, ka bar shi. Yana son makarantar, bai dai iya son ba."

Nan da nan yabo ya fara zuba. Wasu suka ce za su kwafa su manna a ofis. Can sai mai kula da zauren ta turo saƙon mai tambayar:

"Baba, Allah ya saka da alheri, har na yi ƙwalla. Da ma a ce irinka muka samu a makarantarmu tun farko."

Matarsa ta fito da tiren shayi ta same shi ya cire tabarau yana murza ido da bayan hannu.

"Lafiya, Malam? Rasuwa aka yi?"

"A'a. Yabona ake yi."

"To shi ne abin kuka? Tsufa dai bai yi ba."

Ta ajiye tiren ta koma ciki tana dariya. Waya ta ci gaba da ƙara a kan cinyarsa, ana ta sa masa albarka, shi kuwa ga baƙin ciki, ya rasa wanda zai gaya wa.