Jaririn Shafin Ƙarshe

Kular abinci Auta ta je mayarwa gidan Yayarta, ba faɗa ya kai ta ba. Ta same ta a ɗakin da take zana wa yara littattafan hotuna, takardu shanye a igiya kamar wanki. Yaya ta ce sabon littafi ne za a kai maɗaba'a, labarin wata mata da ta daɗe tana neman haihuwa.

Auta ta bi igiyar da ido. Ga matar a bencin asibiti, ta rungume jaka a cinya. Ga ta ta toshe hanci tana shan magani. Ga ta riƙe da jaririn maƙwabciya tana murmushin dole. A murmushin nan Auta ta ga wushiryarta, sannan ta ga tabon gefen girarta, wanda ƙofar kicin ta yi mata tun tana ƙarama.

"Yaya, wace ce wannan?"

"Wata mata ce kawai."

"Wata mata mai haƙorana? Har jakata mai lalataccen zif ba ki bari ba."

Yaya ta ci gaba da wanke buroshi a kofi. "To ai don irinku na yi. Yara su san mace kan zama uwa a zuci tun kafin ɗa ya zo. Godiya ta kamace ki."

"Ashe duk rakiyar asibitin nan aiki kike zuwa. Ina kuka a kafaɗarki, ke kina nazarin yadda bakina ke karkacewa."

"Ki iya bakinki, Auta. Ni na goya ki."

"Kin goya, kin sauke, yanzu za ki baza ni a kanti. Dangin mijina ba su san ina zuwa asibitin nan ba. 'Ya'yansu ne za su nuna musu ni da yatsa."

Tana maganar tana tafiya, har ta kai takardar ƙarshe. Matar ce zaune gefen taga, da jariri fal ƙirjinta, kumatu kamar an hura. Zuciya ta taso wa Auta.

"Wannan kuma ɗan wa?"

"Nata mana. Ta yi haƙuri, Allah ya ba ta."

"A gabanki likita ya ce in daina wahalar da kaina. Kina zaune. Wato mu da ba a ba mu ba, haƙurin ne ba mu iya ba?"

"Littafin yara ne fa, ba sakamakon gwaji ba. Wace uwa ce za ta karanta wa ɗanta labarin da ya ƙare hannu wofi?"

Auta ta dire kular a kan tebur, kwalaben fenti suka yi ƙara.

"To zaɓi ɗaya. Ki bar fuskata ki cire jaririn, matar ta ƙare yadda nake, tana zuwa aikinta, tana dariyarta, ba ta mutu ba. In haka ne, kowa ma ya gane ni. Ko ki riƙe jaririnki, ki cire ni."

Ta faɗa da zafi, amma can ƙasan ranta roƙo take yi. Da Yaya ta ɗan yi jinkiri ma, da ya ishe ta.

Yaya ba ta yi ba. Ta zaro siririn buroshi, ta tsoma a farin fenti, ta cike wushiryar. Ta sauya launi ta shafe tabon. Haka ta bi igiyar takarda bayan takarda. A ta ƙarshe ta ja baya ta duba, ta hura wa fentin iska.

"Shi ke nan? Hankali ya kwanta?"

Auta ta dubi baƙuwar matar mai jerarrun haƙora, da ɗanta a hannu.

"Saura jakar," ta ce, ta fita ba ta ja ƙofar ba.