Jirage Uku na Malam Wakili

Malam Wakili, sabon malamin lissafin da aka turo mana Wara daga Birnin Kebbi, shi ne ya zabga wa ɗiyata Larai sifiri da jan biro. Tambayar da ya ba 'yan aji biyu ita ce: idan jirgin ruwa ɗaya yana ɗaukar mutum ashirin, jirgi nawa zai kwashe mutum sittin? Larai ta rubuta ɗaya. Ya tsayar da ita gaban aji, ya ce ƙwaƙwalwar kifi gare ta, amsa uku ce, ko jariri ya sani.

Na so in je makarantar in wanke shi tas, sai dai na danne zuciyata.

Ranar kasuwa sai ga shi a bakin ruwa da takalmi sau-ciki, zai ƙetare zuwa ɗaurin aure. Jirgi ɗaya ne tal. Muka duru ciki, mu da buhunan shinkafa da awaki da babura biyu, har ruwa ya kawo gab da bakin jirgin. Ina kallonsa yana ƙirga kawuna. Da ya wuce sittin sai ya bar ƙirga ya koma salati, ya damƙe ƙahon wata akuya kamar ita za ta cece shi.

Muna tsakiyar tafki Larai ta matso kusa da shi cikin ladabi.

"Malam, sauran jiragen biyu suna baya ne?"

Ni na amsa mata.

"Ƙyale shi, ɗiyata. Suna cikin littafinsa. In zai dawo sai ya hau su."