Zanar da Aka Kafa Tsakanin Surukai

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, Rufa'i na Isawan ba abin da ya rage masa a gida sai rediyo da surutu. Awakinsa huɗu sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Irin geron da ya rataye a rufin ɗaki domin shuka, shi ma an sauko da shi an daka an sha kunu. Daga nan ne surukinsa, Malam Na Allah na Baudeta, ya aiko da jaki aka ɗauki Safi, matar Rufa'i, ba faɗa ba yaji, aka ce ta zauna gidan ubanta har ƙasa ta gyaru.

Abin ya yi wa Rufa'i ciwo ƙwarai, don yana son matarsa, ko da yake ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai faɗa a dandali ba. Ya rantse wa kansa ba zai je ɗauko ta ba sai yana da irin da zai zuba a rami. Ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar kasuwa, ga gabas ta fara haɗa gira, shi kuwa ko ƙwayar gero ɗaya babu.

Ana cikin haka sai sanarwa ta zo daga biron kumandan, wato ofishin sojan da ke mulkin yankin: mutanen tele, masu talabijin, za su zo daga Yamai su ɗauki gasar tambayoyi a Tasawa, shirin da suke kira Wa Ya Sani. Ƙasar Mayahi ta ba da mutum ɗaya, ƙasar Tasawa ta ba da ɗaya. Wanda ya ci, buhu biyu na irin gero. Zamanin soja ne, in an ce a ba da mutum, ba a tambayar dalili. Aka yi gwaji a Mayahi, Rufa'i ya kayar da kowa har da wani mushen lakwal, malamin makaranta mai tabarau. Shekara shida ya yi a lakwal, amma shekara goma ya yi kunnensa manne da rediyo, kuma Allah ya yi shi da kai mai riƙe abin da ba ruwansa.

Ranar gasa ya ari riga, ya ari takalma, ya hau motar kasuwa. Tun a hanya yake rabon gonarsa a zuci: nan gero, can wake a tsakani, nan kuma inuwar da Safi za ta ajiye fura.

An shirya wurin a farfajiyar gidan Samariya, inda matasa ke taro, da hantsi. Kujeru biyu, tebur mai ƙararrawa biyu, mai ɗaukar hoto da akwatinsa a kan ƙafa uku, jama'a maƙil har kan katanga. Kumandan na zaune a inuwa da kakinsa da baƙin tabarau, fuska ba annuri. Mai tambaya kuwa wani ɗan gaye ne, Alkasim, gashi a taje, Hausarsa rabi Faransanci. Ya kira ɗan Mayahi, Rufa'i ya shigo yana ɗaga hannu kamar ɗan kokawa. Ya kira ɗan Tasawa.

Sai ga Malam Na Allah, da rawaninsa da sandarsa.

Ashe wanda Tasawa ta zaɓa ciwon ciki ya kwantar da shi, aka nemo wanda ya zo na biyu. Tsohon ya yi fatauci har Agadas a ƙuruciyarsa, ga shi manomi na shekara hamsin, ga shi shi ma yana da rediyo. Ba wanda ya yi tunanin tambayar wa ya auri ɗiyar wa.

Rufa'i bai san lokacin da ya tuɓe takalman aro ba. Ya zame daga kujera ya tsuguna, kai a ƙasa, ya shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi. Tsohon yana amsawa yana kallon sandarsa.

"Mushe, hau kujera mana," in ji mai hoto. "Hularka kaɗai nika gani."

"Nan ma ya yi," in ji Rufa'i.

Da ƙyar aka lallashe shi ya ɗora gefen mazauninsa a bakin kujera. Alkasim ya gyara murya ya fara.

"Wane gari ne ayarin raƙuma ka zuwa ɗauko gishiri, can cikin hamada?"

Bilma! Amsar ta zo wa Rufa'i har bakin haƙori. Amma ta yaya mutum zai riga surukinsa magana, a gaban jama'a, har ya kaɗa masa ƙararrawa a kunne? Hannunsa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa turmi. Tsohon ya jira, ya jira, sannan ya taɓa tasa ƙararrawar da kan sanda ya ce Bilma.

Tambaya ta biyu haka, ta uku haka. Mutanen Tasawa suna ta tafi, 'yan Mayahi da suka biyo mota suna cizon yatsa. Rufa'i yana ji yana gani buhunan da aka jingine a gindin tebur suna yi masa nisa, da su da Safi. Zufa ta jiƙa rigar mutane.

"Bon, ɗan Mayahi," in ji Alkasim, "kurma ne aka aiko muna?"

Wata mai ƙosai ta amsa daga bakin ƙofa: "Surukinshi ne hwa!"

Wurin ya fashe da dariya. Har kumandan sai da ya cire tabarau ya goge ido. Alkasim ya rasa abin yi, don takardar da ya zo da ita daga Yamai ba ta faɗi abin da ake yi da surukai ba.

Malam Na Allah ne ya ɗaga sanda. Bai dubi Rufa'i ba, mai tambaya ya fuskanta.

"Yaro, ni ban taho tun daga Baudeta a bar mini ba. Ku samo zana ku kahwa tsakaninmu. Wanda ban gani ba, ban san shi ba. Kuma ka gaya ma mutumen Mayahi, in ya sake yin shiru, zan ce ɗiyata gungume ta aura."

Kumandan ya gyaɗa kai. Sojoji biyu suka tafi da gudu suka tsige zanar mai ƙosai, tana bin su da mita, suka riƙe ta a tsaye tsakanin kujerun, ɗaya a kowane gefe, fuska a murtuke kamar masu gadin tuta.

To, a nan ne Tasawa ta san wane ne Rufa'i. Da ya daina ganin rawanin nan, bakinsa ya kwance. Shekarar samun 'yancin kai? Ƙararrawa. Gulbin da ya ratsa ƙasar Mayahi? Ƙararrawa, Gulbin Kaba. Tsohon ma bai yi sanya ba, daga bayan zana sandarsa tana sauka a kan ƙararrawa kamar ana sussuka. Aka tambayi sunan taurarin da ake kira kaza da 'ya'yanta da Faransanci, Rufa'i ya ci. Aka tambayi watannin da raƙuma ke ɗauka da ciki, tsohon ya ci, ya kuma ƙara da bayanin da ba a tambaye shi ba. Da rana ta take, tara da tara suke.

"Tambaya ta ƙarshe," in ji Alkasim. Ya zaro zangarniyar gero daga jaka ya ɗaga sama, gajeriya, mai kauri. "Wane iri ne wannan?"

Rufa'i ya dube ta. Ya san ta, ankutes ce, amma daga ina ya san ta? Safi ce ta taɓa zuwa da irinta daga gonar ubanta. Mutumin da ya shekara hamsin yana noma ta yana nan bayan zana. Wannan ba tambayar rediyo ba ce, tambayar Malam Na Allah ce, kuma zana ko goma aka kafa ba za ta sa Rufa'i ya ƙwace masa ita ba. Ya sunkuyar da kai yana jiran ƙarar sanda.

Shiru. Jama'a suka fara wani irin gunaguni, wasu na rufe baki. Ɗaya daga sojojin da ke riƙe da zana kafaɗarsa na rawa don danne dariya.

Alkasim ya dubi agogo. "Sauran sakan goma."

Ko tari babu daga bayan zana. Rufa'i ya tuna gonarsa a share, ya tuna ɗakin da ba a hura wuta cikinsa ba wata bakwai. Ya ce a ransa, Baba ka yafe mini. Ya taɓa ƙararrawar a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar marar lafiya.

"Ankutes."

'Yan Mayahi suka ɗauki ihu. Sojoji suka janye zana, Rufa'i ya zame zai tsuguna ya ba da haƙuri, sai ya ga kujera ba kowa. Tsohon ya tashi tun lokacin da aka ɗaga zangarniyar, duk jama'a sun gan shi, Rufa'i kaɗai bai gani ba. Can ya hango shi a gindin itacen bedi yana alwala a tsanake, ya juya wa farfajiyar baya.

Alkasim ya bi shi da mikiro. "Baba, mi ya sa kuka tashi?"

"Azahar ta yi," in ji tsohon. Inuwa ko karkata ba ta yi ba.

Rufa'i ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ya ce rana ce. Ya san sarai rumbun Baudeta ma ba cike yake ba. Kafin ya hau mota ya nemi mai amalanke ya ɗora masa buhu ɗaya, ya ce ya sauke a ƙofar Malam Na Allah, kada ya ce komai.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, yana gyara kalme a ƙofar gida sai ya ji kukan jaki. Safi ce a kai, ta yi lulluɓi, ƙullin kayanta a gaba, buhun nan a bayanta. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Mi ya maido da buhu?" Abin da ya iya faɗa ke nan.

"Baba ya ɗebi tiya guda," in ji Safi, tana danne dariya. "Ya ce ladan kujerar da ya bari ne. Kuma ya ce a gaya maka, sauran sakan ukku ya rage ya komo ya amsa da kainai, don bai taɓa ganin mutum mai nawa irinka ba."

Rufa'i ya kama igiyar jakin. Iska mai sanyi ta taso daga gabas ta kaɗa bakin zanenta.

"Sauko da buhun nan ka kai ɗaka," in ji ta, "kahin ruwa shi jiƙa muna iri."