Kwanon Mama Lai'atu

Sau uku Istifanus yana naɗe hantar a takarda yana warwarewa. Shu'aibu mahauci, maigidansa, ya gaji da kallonsa, ya ajiye wuƙa a kan katako.

"Kai Istifa, hanta ce ko amarya kake wa lalle? Ɗauki ka tafi, rana na yi."

"Alhaji, ko in bari sai wani satin? Yau Asabar, kasuwa ta cika, kai kaɗai ba za ka iya ba."

"Ni kaɗai nake sayar da nama tun kafin a yanke maka cibiya. Satin da ya wuce ciwon kai ka ce, na gabansa kuma takalminka ne ya tsinke. Ni ban san dokar cocinku ba, amma na san mutum idan tsoro ya kama shi. Ga hanta, ga sukari da ganyen shayi na sa an sayo. Ba a zuwa gaban tsohuwa hannu rabbana. Wuce!"

Gaskiyar Shu'aibu ce, tsoro ne zalla. Wata biyar ke nan da aka sako Istifanus daga gidan yari, inda ya yi shekara huɗu. A da ɗan klando ne, yana ɗaukar fasinja a babur. Wata ranar Lahadi da yamma ya sha giyar bilbil a unguwar Abena ya yi tatul, ya ce zai kai amininsa Yunana gida. Yunana ya ce a ba shi ya tuƙa, tun da shi bai sha ba. Istifanus ya yi dariya, ya ce babur ɗinsa ya san hanya ko da ido rufe. Ba su yi nisa ba suka afka wa wata babbar mota da ke tsaye a gefen titi. Istifanus ya tashi da karaya ɗaya a hannu. Yunana ko shurawa bai yi ba.

Kuma ba wai aboki ne na haɗuwa a titi ba. Iyayensu tare suka taso daga wajen Mubi suka zauna a Injamena. Da uwar Istifanus ta rasu yana ɗan shekara tara, Mama Lai'atu, uwar Yunana, ita ta riƙa zuba musu abinci a kwano ɗaya, tana dukan hannun duk wanda ya yi wa ɗan'uwansa zari. Wurin wannan matar zai je yau neman gafara.

Ya shiga motar Gassi, unguwar da take zaune yanzu, ya takure a kujerar baya, ƙunshin a kan cinyarsa. Zafin watan Afrilu ya sa ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Wata mata na faɗa da direba da Larabci a kan buhun gawayinta, wani dattijo na gyangyaɗi da carbi a hannu. Istifanus bai ji ko ɗaya ba, yana bitar maganar da ya haddace: "Mama, ni ne na kashe Yunana. Ya ce in ba shi ya tuƙa, na ƙi. Ki yafe mini don Allah." Magana ce da ba ta kai numfashi uku ba, amma wata biyar yana tauna ta.

A gidan yari akwai wani tsohon mai bishara da yake zuwa duk ranar Alhamis. Shi ya zauna da Istifanus ya nuna masa alkawuran Allah ɗaya bayan ɗaya: cewa wanda ya faɗi laifinsa bai ɓoye ba za a gafarta masa, cewa Allah ba zai sake tono laifin ba, cewa wanda Almasihu ya kwance ya kwantu ko da yana bayan ƙarfe. Istifanus ya ba da gaskiya, ya daina sha, ya koyi karatu sosai har yana karanta wa waɗansu. Sai dai da aka buɗe masa ƙofa ya fito, ya tarar ƙirjinsa bai san an sake shi ba.

A ƙaramar majami'ar masu jin Hausa da ke Abena akwai benci goma sha biyu, na ƙarshen shi ne bencin horo. Wanda ya yi babban laifi can yake zama shi kaɗai. Zai yi waƙa, zai ji wa'azi, amma ranar Jibin Ubangiji farantin gurasa zai zo har benci na sha ɗaya ya juya. Sau biyar Istifanus yana kallon farantin nan yana juyawa. Baba Barnaba, babban dattijon majami'ar, ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, Allah ya yafe maka tun ranar da ka roƙe shi, wannan ba hannunmu a ciki. Amma ba za ka miƙa hannu ga gurasa ba alhali akwai uwar da ba ka durƙusa a gabanta ba. Je ka Gassi. Abin da ta ce, ka zo ka faɗa mana." Gobe kuma ranar Jibi ce.

Akwai abin da ko Baba Barnaba bai sani ba. A shekararsa ta farko a tsare, sau uku ma'aikaci yana zuwa ya ce, "Wata tsohuwa na nemanka a ƙofa, da kwano a hannu." Sau uku Istifanus yana juya fuska bango ya ce ba shi da lafiya. Kunya ta hana shi, wai shi ba zai iya haɗa ido da ita ba. Daga na ukun ba ta sake zuwa ba.

A Gassi ya sauka, ya yi ta bulayi tsakanin sababbin gidajen da ba a gama ba, duk kamarsu ɗaya. Wata mai soya gyaɗa a bakin hanya ta nuna masa ƙofar langalanga mai shuɗin fenti. Ya yi sallama da murya kamar ta mai neman aron gishiri.

Rifkatu, yayar Yunana, ita ce a tsakar gida tana wanke zannuwan gado. Shekara biyu ke nan da ta ɗauko uwarta daga Abena, tun daga nan ba a ƙara ganinsu a majami'a ba, aka ce nisa ne da jikin tsufa. Ta ɗago, ta gan shi, hannunta ya tsaya a cikin kumfa.

"Kai ne."

"Ni ne, Yaya Rifkatu. Ina wuni?"

"Ashe ka san hanya. Na ji an sako ka tun kafin Kirsimeti."

Ya durƙusa ya ajiye ƙunshin a gabanta. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Na zo ganin Mama ne. Ina da magana da ita."

Rifkatu ta yi wata dariya marar daɗi, ta matse zani da ƙarfi kamar shi ne ya yi mata laifi. "Yanzu kake da magana? Sau uku matar nan tana dafa tuwo, ta hau mota biyu, ta tsaya a rana a ƙofar gidan yari. Sau uku tana dawowa da kwanonta a cike. Na ce, Mama, me za ki gaya wa wanda ya kashe miki ɗa? Ta ce tsakaninta da shi ne. Har yau ban san ko tsine maka za ta yi ko yafe maka ba. Ba wanda ya sani."

"Shi ya sa na zo in ji."

"Ka makara, Istifanus." Muryarta ta karye, ta share ido da bayan hannu, kumfa ta shafe mata kunci. "Kanta ya tafi. Ni da na fito daga cikinta, wata rana ce mini take baiwar Allah. Ka ga zannuwan nan? Kullum sai na wanke. Ban gaya wa 'yan majami'a ba, ba na so a zo ana kallonta ana girgiza kai. Shiga, ga ta can. Ka ga abin da ya rage."

Ya ɗaga labule ya shiga. Mama Lai'atu na zaune a kan tabarma ta jingina da bango, ta rame ta koma kamar yarinya. Ɗankwalinta ya zame, furfura ta bayyana. A gefenta akwai wani kwano mai murfi, fentinsa ya ɓaɓɓare a baki. Ya gane shi nan take, a cikinsa suka ci tuwo shekara da shekaru.

Ya zube a gabanta, goshinsa ya kusa taɓa tabarma. "Mama, ni ne na..."

"Yunana!" Fuskarta ta washe gaba ɗaya. Ta kamo kansa da hannu biyu tana shafawa. "Ina ka shige tun safe? Dubi yadda ka yi baƙi. Wannan yawon naku a rana!"

"Mama, ba Yunana ba ne. Istifanus ne. Ni ne na ɗauke shi a babur, ya ce in ba shi ya tuƙa, na ƙi. Ni na kashe shi, Mama. Ki yafe mini don Allah."

Ya faɗe ta duka, yadda ya haddace, ko kalma bai rage ba. Ta tsaya tana kallon bakinsa kamar mai sauraron wani yare. Daga cikin maganar duka, suna ɗaya kaɗai ta kama.

"Istifanus," ta ce a hankali. "Allah sarki, yaron nan. Ka gan shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na je ai. Na je, suka ce ba shi da lafiya, ba zai fito ba. Maraya ne fa, wa zai kai masa abinci a can? Kai ba ka da tausayi, Yunana, kana ta yawo abokinka na kulle." Ta laluba gefenta, ta jawo kwanon da kyar, ta tura masa. "Ungo. Kai zai fito maka, ni kunyata yake ji. Ka ce masa in ji ni..."

Istifanus ya matso kusa da ita. Rifkatu ma da ke bakin ƙofa ta matso, ruwa na ɗiga daga hannunta.

"Ka ce masa..." Mama Lai'atu ta ɗaga yatsa, ta riƙe shi a sama. Idonta ya bi wani ƙuda da ya sauka a labule. Yatsan ya sauko a hankali. "Yau kam akwai zafi," ta ce. "An ba awaki ruwa?"

"An ba su, Mama," in ji Rifkatu, ko da yake rabonsu da akuya tun suna Abena.

Ya jira. Ya ƙara jira, har gwiwoyinsa suka yi tsami. Tsohuwa ta lumshe ido tana wata waƙar majami'a ƙasa-ƙasa, rabin kalmomin sun zube. Maganar ba ta dawo ba, kuma ya san ba za ta dawo ba. Baƙin ciki ya cika shi, ya tuna bangon nan da ya juya wa fuska sau uku, ita kuwa tana tsaye a rana da maganar a bakinta cikakkiya.

Ya fito tsakar gida da kwanon a hannu, ya zauna a kan wani bulo. Rifkatu ta biyo shi.

"Kullum la'asar sai ta sa na zuba maka abinci a kwanon nan," ta ce. "In ban zuba ba kuka take. Sai in fita da shi waje, in ɗan tsaya, in dawo in ce an kai. Shekara biyu ina yi mata ƙarya saboda kai." Ta ja numfashi. "Ni dai ban yafe ba tukuna, gara in faɗa maka gaskiya. Ina roƙon Allah ya ba ni zuciyar, bai ba ni ba har yanzu. Wataƙila bai gama da ni ba."

"Na ji, Yaya."

"Me za ka gaya wa Baba Barnaba?"

"Zan ce na faɗa, ba ta ji ba. Zan ce ta aiko mini da abinci. In sun ce in koma bencin baya, sai in koma."

Rifkatu ta juya. Ta tafi wajen randa, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta dangwarar a gabansa ba tare da ta dube shi ba, sannan ta sunkuya ta ɗauki ƙunshin hantar ta kai inuwa.

Ya wanke hannu ya buɗe murfin. Tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa, ya fara hucewa. Ya yi addu'a a gajarce, ya gutsura. Ya kai lomar farko baki, ya kora ta da ruwa. Hawaye na zuba cikin miyar, bai share ba, ya ci gaba da ci shi kaɗai daga gefe ɗaya na kwanon, yadda aka koya musu, har ya ga ɗaya gefen ba mai taɓawa. Sai ya juya kwanon ya cinye wannan ma.

Daga cikin ɗaki muryar tsohuwa ta fito, siririya.

"Yunana! Ka kai masa? Ya ci?"

Rifkatu ta buɗe baki za ta amsa kamar kullum, sai ta fasa, ta dubi Istifanus.

Ya haɗiye abin da ke bakinsa.

"Ya ci, Mama," ya ce. "Ya cinye duka."