Shafin da Ba Ya Jira

Ƙungiyar manoman shinkafa ta Haɗeja ta ce shafin intanet ɗaya za ta riƙe don ba da labarin ruwan kogi a daminar bana. Shafukan kuwa biyu ne: na Gana da na Zulfa, 'yar gwaggonsa. Abin da ke ci wa Gana rai, shi ya koya mata aikin nan tun ba ta san inda ake kunna kwamfuta ba. Yanzu duk bakin da ya buɗe, Zulfa.

Laifinta layi ɗaya ne. A uwar garke, wato kwamfutar da shafin ke zaune a cikinta, ta rubuta umarni cewa duk bayan minti biyar shafin ya sabunta kansa. Manomi sai ya jingine waya a jikin tulu, ya ga tsayin ruwa yana canzawa bai taɓa komai ba. Na Gana kuwa sai ka danna. Masu ziyartar nata sun haura dubu, nasa ko ɗari biyu ba su cika ba. Hassada ta kama shi sosai, ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

"Yaya Gana, in sa maka layin?" ta tambaye shi tana murmushi.

"Ni za ki sa wa layi? Riƙe abinki."

Ya koma shago ya rubuta nasa. Wane minti biyar? Daƙiƙa goma ya sa, don duk sabuntawa ana ƙirga ta a matsayin ziyara. Kafin la'asar lambarsa ta kamo ta Zulfa ta wuce, ya zauna yana kallon ta yana shafa gemu. Abin da ya manta, akwatin da manoma ke rubuta rahoto a kan wannan shafin yake. Zulfa kuwa ta ware nata akwatin a shafi daban.

Ranar Lahadi kwamitin ƙungiyar ya zauna. Gana ya juya kwamfutarsa kowa ya ga ziyara dubu goma sha ɗaya. Sai Malam Inuwa, dattijon da ke lura da jingar da ta tare ruwa a wajen Miga, ya yi gyaran murya.

"Gana, ɗana, shekaranjiya jinga ta fara yoyo. Naka na fara buɗewa, don kai na sani. Da yatsa ɗaya nake rubutu. In rubuta 'jinga ta', sai shafin ya ƙifta ya share. Sau tara ina sakewa. Har ruwa ya cinye gonar wani manomi, Kolo, ban kai ƙarshen magana ba. Da na koma na yarinyar nan, shi ya tsaya ya saurare ni, aka kawo buhunan yashi."

Zulfa ta sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi yi wa Gana ciwo a kan a ce dariya ta yi. Ya kai hannu zai rufe kwamfutar, kafin ya taɓa ta shafin ya ƙifta, lambar ta ƙaru da ɗaya.