Fatihar da Ta Riƙe Inuwa a Aziziyya

Inuwa mutumin Maraɗi ne, yana sauke kwalayen tumatir a kasuwar Aziziyya, can ƙasar Larabawa. Wata shekara suka saɓa da kafilinsa, Balaraben da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke hannunsa, ya bar aiki cikin fushi. Kafili ya kai ƙara cewa ya gudu. A lokacin kuwa, wanda aka rubuta wa gudu ba abin da ke gabansa sai kamu da kora.

Dattawanmu na unguwar Jaradiyya suka shiga tsakani. Aka yi sulhu: kafili zai janye ƙara, shi kuma Inuwa ba hutu, ba zuwa gida, sai kwantiraginsa ya ƙare. Aka sa hannu, aka shafa Fatiha.

Ana nan sai doka ta sauya. Ana nan kuma sai waya ta zo daga gida, matarsa Turai ciwo ya kwantar da ita.

Ghali, direban da suke ɗaki ɗaya, ya ja shi har ofishin ƙwadago. Can aka ce musu irin waccan ƙarar an soke ta, sulhun da aka ɗora a kanta ma ya faɗi.

Suna fitowa Ghali ya ce, "To ka ji, Malam Inuwa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Nemi tikiti yau."

"Sun soke takarda. Fatihar fa, su suka shafa?"

"Kai, taurin kan nan naka ko jakin Maraɗi!"

"Alkawari kaya ne, Ghali. Wanda na ɗaukar wa, shi zai sauke mini da bakinsa."

Ni ban ga laifin maganarsa ba, haka aka rene mu. Amma ciwo ba ya jiran kowa.

Kafili ya yi tafiya Jidda. In an kira, sai a ce bukra, wato gobe. Da ya dawo, Inuwa ya je ƙofarsa ya tsaya a rana, aka ce yana barci. Turai kuwa, muryarta a waya kullum sai ƙara sirancewa take. "Malam, kana tafe?" Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan."

Ranar da ya samu ganin kafili, mutumin ya daɗe yana kallonsa kafin ya tuna zancen. Sai ya yi dariya. "Wane sulhu? Wannan ai ya mutu tuni, ya Inuwa! Khalas, an gama, tafi abinka. Wa ya riƙe ka?"

Ya dawo ɗaki da saurinsa, ya tarar da Ghali zaune a kan tabarma da mutane. Waya ta zo daga gida, an kai Turai makwancinta tun da hantsi.

Inuwa ya zauna a bakin ƙofa, takalminsa a ƙafa. Aka ce a yi mata Fatiha. Ya ɗaga hannu tare da kowa. Jama'a suka shafa, shi nasa hannuwan suna nan a sama, ya kasa kai su fuska.