Jiragen Alkasum

A bakin rijiya Zara ta tsinci maganar. Wai Alkasum, tsohon sojen nan da ya dawo daga yaƙin Faransa a ƙasar Andoshin da tari, jiragen ruwan da yake zanawa da fensir rayuka suke ɗauka. Ɗan Nomau ya tsinci ɗaya a lungu, bai kai Jumma'a ba. Tun daga nan matan Birni suka janye masa ƙwaryar tuwo, maza kuma suka ce ko ya mutu ba mai taɓa gawarsa.

Zara tsohuwar ungozoma ce da ta yi lakwal, makarantar boko. Ita ta duba yaron, ƙyanda ta gani. Ta dama kunu ta tsallaka gidan Alkasum.

Ta same shi kwance, ƙirji na kuka kamar zugazugi, takardun ƙunshin sukari barbaje a tabarma. Ta ɗauki ɗaya. Layi uku ne kacal: ɗaya lanƙwashe, cikin jirgin ke nan, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance da ɗan rawa. Ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba, sai ta ji ƙasa na lilo da ita.

"Ba kya tsoro, Inna?"

"Na ga abin da ya fi takarda. Soje, ina mutanen? Jirgi ko matuƙi babu?"

Ya yi tari har sai da ta tallafe shi. Ya ce ai cike yake maƙil, sojoji 'yan ƙauyukan Zermu da Dakusa. Wanda zazzaɓi ya kashe, a naɗe shi a bargo a zura teku, ba kabari. Da ya dawo ya so zana fuskokinsu kafin su ɓace masa, liman ya ce wanda ya zana mai rai, ran gobe za a ce ya hura masa rai.

"Suna gabana ma na kasa raya su, balle can."

Ta bi gida gida tana faɗa musu ƙyanda ce ta kashe yaron, ba jirgi ba. Aka saurare ta da ladabi, ba wanda ya leƙo.

Ran Laraba da hantsi ya cika. Zara ta kafe a ƙofar liman har ya taso da ladan da wani falke ɗan Kano da bai ji zancen ba. Suka wanke shi. Makara na neman kafaɗa ta huɗu, Nomau na zaune a zaurensa, kai a ƙasa. Su ukun suka ɗauka a karkace.

Tarin fuka ne ya kashe Alkasum. Jiragen kuwa, takarda ce da fensir.